Labarin Mary Slessor, Uwar Tagwaye

Ya kai mai karatu, idan kana da maƙwabci mutumin Kalaba a Sabon Gari ko Samaru, tambaye shi sunan Mary Slessor, za ka ji ya ambace ta kamar uwarsa.

An haife ta a Aberdeen, ƙasar Sikotilan, a shekara ta 1848. Ubanta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta cinye shi, har yarinyar ta shiga aikin masaƙa a Dundee tana da shekara 11 domin a sami abin ci. Kai da kake jin kunyar gidanku, kana cewa ba ka isa aikin Ubangiji ba, ka lura da wannan.

Ikilisiyarsu ita ce ta Firesbiteriyan, watau wadda dattawa zaɓaɓɓu ke riƙonta, ba bishop ba. Tun 1846 Hope Waddell ya kawo bisharar Kalaba, tare da waɗansu masu bi daga Jamaika. Mary ta bi sawunsu a 1876, ta koyi harshen Efik har ya zauna a bakinta.

A wurinmu tagwaye abin murna ne, muna kiransu Hasan da Husaini. Can kuwa ana tsoronsu, gama an ɗauka ɗayan ɗan iska ne. Sai a yar da jariran a daji, a kori uwar. Ba ita ce ta fara yaƙi da wannan al'ada ba, waɗanda suka riga ta sun yi nasu. Abin da ta ƙara shi ne ta tsinci yaran, ta goya su a ɗakinta na ƙasa, tana cin abin da mutanen gari ke ci, sau da yawa ba ko takalmi. A ganina goyon nan ya fi wa'azi ratsa zuciya, gama kowa ya ga tagwayen sun girma, ba kuwa masifar da ta auko.

A 1888 ta shiga Okoyong. A 1892 gwamnatin Ingila ta ɗora ta bisa shari'ar ƙasar, ta yi ta hana shayar da gubar wake wadda ake gwada mai laifi da ita. Tana da saurin fushi, ba a ɓoye wannan ba.

Zazzaɓi ya daɗe yana cinta. Ta rasu a Use ran 13 ga Janairu 1915, aka kai gawarta ta kogi zuwa Duke Town, aka binne ta can.