Germán Tenderini: Baƙon da ya rasu wajen kashe gobarar Santiago

A tsakiyar Santiago, babban birnin ƙasar Chile, akwai wani titi da ya bi ta gefen babban gidan wasannin birnin, ana kiransa Tenderini. Sunan wani baƙo ne ɗan Italiya, wanda shi ne ɗan kwana-kwana na farko da ya rasa ransa a bakin aiki a tarihin rundunar kashe gobara ta birnin.

An haifi Germán Tenderini a shekarar 1828 a Carrara, garin da ya yi suna wajen fasa farin dutsen gini a Italiya. A shekarun 1850 ya yi ƙaura zuwa Chile neman abin kansa, ya zauna cikin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ya kuma shiga ƙungiyoyinsu na taimakon juna.

Yana can aka yi masifar da ta girgiza ƙasar. Ranar 8 ga Disamba, 1863, wuta ta tashi a cocin La Compañía ana tsakiyar ibada. An cika ɗakin da fitilu da labule, jama'a suka yi cincirindo a ƙofofi, hanyar fita ta toshe. Sama da mutum 2,000 suka halaka, mafi yawansu mata. A lokacin birnin ba shi da tsayayyar rundunar kashe gobara.

Kwanaki kaɗan bayan haka wani ɗan kasuwa, José Luis Claro, ya yi kira a jarida ga matasan birnin da su haɗa kai. Ranar 20 ga Disamba aka kafa rundunar sa-kai ta Santiago, wadda babu mai karɓar albashi a cikinta. Tenderini ya shiga sashenta mai ceton mutane da tsare dukiya, har ya kai muƙamin laftanar.

Shekara bakwai cif bayan gobarar cocin, a daren 8 ga Disamba, 1870, mawaƙiya Carlota Patti ta kammala wasa a babban gidan wasannin, 'yan kallo suka watse. Daga nan bututun iskar gas da ke haska dandalin ya fashe, wuta ta kama. Tenderini na cikin waɗanda suka fara isa. Ya kutsa ciki tare da abokin aikinsa Arturo Villarroel da wani ma'aikacin gidan, Santos Quintanilla, domin su kai ga tushen wutar. Hayaƙi ya rinjaye su. Villarroel ya tsira da ƙyar, sauran biyun kuwa ba su fito ba. Tenderini ya rasu yana da shekara 42.

An sake gina gidan, aka buɗe shi a 1873. Rundunar da ya yi wa hidima tana nan daram, kuma har gobe 'yan kwana-kwanan Chile aikin sa-kai suke yi. Abin da ya raya ta shi ne tsari: horo, kayan aiki, shugabannin da 'yan rundunar ke zaɓa da kansu, da gudummawar jama'a da ta hukuma.

Mu ma mun sha ɗacin wuta. Gobarar silimar El-Duniya a Kano a 1951 ta ci rayuka sama da 300. Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato kuma a Janairun 2021. Duk lokacin da aka yi irin wannan, matasa ne kan riga kowa isa da bokiti da jarka, sau da yawa ba horo, ba abin kare numfashi. Idan wuta ta lafa, sai a yi jaje, a kafa kwamiti, a watse.

Garin iyaka kamar Illela, inda fataken Ƙonni da na Sakkwato ke kasa kaya a rumfuna maƙwabtan juna, bai rasa masu zuciyar Tenderini ba, 'yan gari da baƙi. Haƙƙin ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne su tattara waɗannan matasa, su horar da su, su tanadi ruwa da motar kashe gobara kusa da kasuwa tun kafin iskar hunturu ta kaɗa.