Ladi Kwali, Maginiyar Da Hotonta Ya Hau Kuɗin Ƙasa

Duk mutumin da ya taso a Minna da kewayenta, ko Maikunkele ko Bosso, ya san tulu da randa irin na matan Gbagyi, watau Gwarawa. Daga cikin wannan sana'a Ladi Kwali ta fito, wadda hotonta yake bayan takardar Naira ashirin da aka fitar cikin 2007, tana zaune tana ginin tukunya.

An haife ta a garin Kwali wajen shekarar 1925. Wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya, da hannu zalla, ba inji. Abin da ya bambanta aikinta shi ne zane. Kafin yumɓu ya bushe sai ta tsaga masa siffar kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, kowanne cikin gidansa, layuka sun kewaye shi. Ba ta yi makarantar boko ba, amma da waɗannan hotuna ta rubuta abin da idonta ya gani a ƙasarsu.

Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa. A nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su cikin 1950. Da aka buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, Ladi ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da inji da gashi mai tsananin zafi, amma ba ta yar da zanen gida ba. Randunan da aka gasa haka sun yi nauyi ga ɗaukar ruwa, sai suka zama abin kallo.

An nuna aikinta a London cikin 1958, ta kuma zaga Amurka cikin 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dokta cikin 1977.

Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. 'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, in Naira ashirin ta shigo hannu, a juya bayanta a nuna wa yara, su san 'yar gida ce. Allah Ya jiƙanta.