Edward Murrow: ɗan jaridar da ya tunkari Sanata McCarthy

An haifi Edward Murrow a 1908 a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Ya yi suna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana aika wa gidan rediyon CBS rahoto daga Landan, bama-baman Jamus na sauka.

A farkon shekarun 1950 Sanata Joseph McCarthy ya riƙa zargin ma'aikatan gwamnati da yi wa 'yan kwaminis aiki. Mutane da dama sun rasa aikinsu ba hujja, 'yan jarida da yawa kuma suka kama bakinsu. Ranar 9 ga Maris 1954, Murrow ya ware shirinsa na talabijin kacokan kan sanatan, ya haska jawabansa domin jama'a su gani da idonsu. A watan Disamba majalisar dattawa ta tsawata wa McCarthy.

Sai dai a 1961 shugaba Kennedy ya ba shi ragamar hukumar yaɗa labaran gwamnati, mai kula da Muryar Amurka. Abin mamaki, yana kan kujerar ya nemi BBC ta fasa nuna shirin da shi kansa ya gabatar kan wahalar leburorin gona a Amurka. BBC ta ƙi, daga baya ya amsa kuskurensa. Ya mutu a 1965 sakamakon sankarar huhu.