Faɗakar da 'Yan'uwa da Labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai mulkin da ba ya gushewa, wanda yake ba bayinsa sarauta aro, kāna ya karɓi abinsa sa'ad da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, yardar Allah kuma ta tabbata ga waliyyansa baki ɗaya, musamman shugaban ɗariƙarmu, Shehu Abdulƙadir Jilani.

Bayan haka, ni bawan Allah mai rauni, mai hidimar halƙar zikiri a ƙasar Ƙaraye, ina gaishe da 'yan'uwana muridai na Ƙaraye da Rogo da ƙauyukansu. Abin da ya sa na rubuta wannan 'yar takarda abu biyu ne da na gani da idona. Na farko, a shekara ta 2019 aka ɗaukaka Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, a cikin shekarar kuma aka mayar da ita mai daraja ta biyu, ƙasarta Ƙaraye da Rogo. Tsakanin wannan juyi na ga muridai biyu, waɗanda suka karɓi wuridi a hannu ɗaya, sun daina gaisawa bayan zikirin daren Juma'a, har ɗayan ya jefi ɗan'uwansa da kalmar kafirci saboda ɓangaren da ya bi. Na biyu, wani daga cikinmu ya ci bashin dawa buhu uku wurin wani Bamaguje maƙwabcinsa, da kaka ta yi sai ya hana, yana ganin dukiyar wanda ba ya salla ba ta da alhaki. Na rasa wa'azin da zan yi musu wanda ya fi labarin Malam Abdullahi, domin ƙofofin nan biyu, ta mulki da ta amana, duk an jarraba shi a kansu.

Fasali na farko, cikin asalinsa da karatunsa

Ka sani, ya kai muridi, Allah ya datar da ni da kai, shi ne Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, daga zuriyar Toronkawa. An haife shi a shekara ta 1180 ta Hijira, daidai da wajen 1766, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai ya koma hannun wansa, bai rabu da shi ba a zaune ko a tafiye. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya ji Sahihul Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji, ya ƙoshi da nahawu da sarfu da luga da fiƙihu da tafsiri, har aka san ba shi da na biyu cikin Larabci a ƙasashen nan. Ya shiga ɗariƙar Ƙadiriyya kamar wansa, ya haɗa zahirin shari'a da gyaran zuciya.

Ya bi Shehu yawon wa'azi cikin Kabi da Zamfara. Sa'ad da wani malami ya zargi Shehu da barin mata su halarci majalisinsa, shi aka umarta ya ba da amsa, ya kafa hujja cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. Yana kuma wurin a Magami, ranar babbar salla, wajen 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi dukiyar, ya roƙi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Da wannan tarbiyya Malam Abdullahi ya tashi, ta zama ma'aunin da ya riƙa auna mutane da shi har ya mutu.

Fasali na biyu, cikin jihadi da abin da ya ƙona masa zuciya

Da zaman Gobir ya gagara, jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1218, daidai da 1804. Shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, inda Allah ya ba su nasara kan Sarkin Gobir Yunfa. A Tsuntsuwa aka yi musu ɓarna, mahaddatan Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. A 1805 ya buɗe Birnin Kabi.

To, ka saurara, ya kai mai cin bashin maƙwabci. A cikin shekarar nan runduna ta fita taryen abokan gaba, sai ta biyo ta wani gari, Kwalde, wanda ke zaman lafiya da jama'a. Mayaƙa suka faɗa masa da wasoso. Malam Abdullahi da ɗan wansa Muhammadu Bello suka hana, ba a ji su ba, har Bello ya kusa rasa ransa wajen tsawatarwa. Su biyun suka so a koma gida, aka rinjaye su. Aka ci gaba zuwa Alwasa, aka karya jama'a karyar da ba su taɓa ganin irinta ba. Malamai ba su ɗora wannan karya a kan yawan abokan gaba kaɗai ba, sun ɗora ta a kan cin amana da saɓa wa umarnin shugabanni.

Tun daga nan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Abokan karatunsa mafi yawa sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa ya ga himmarsu ta koma ga mallakar ƙasashe da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakan hawan ƙawa. Ya tuhumi kansa ma, yana tsoron kada ya zama ɗayansu. Wajen 1807, runduna na kan hanyar Alƙalawa, sai ya juya da dokinsa ya nufi gabas da mutane ƙalilan, niyyarsa ya tafi Makka da Madina ya bar musu duniyarsu.

Fasali na uku, cikin zamansa a Kano

Hanya ta kawo shi Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, farkon sarakunan jama'a. Ku kuwa mutanen yamma kun san jama'ar Kano a Kwazazzabon 'Yar Kwando suka yi tasu hijirar, Ƙaraye kuma tana cikin garuruwan farko da suka shiga hannunsu tun ba su kori Sarki Alwali daga birni ba. Saboda haka mutanen da ya tarar a Kano kakannin shugabannin ƙasar nan ne, abin da ya koya musu gadonmu ne.

Suka tare shi, suka hana shi wucewa. Ya nuna musu cewa abin da ya guda a yamma shi ya tarar a cikinsu, domin sun gaji gidajen sarakunan da suka kora, sun fara gadon al'adunsu. Suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi mulki da shi. Sai ya zauna ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya bayyana hukuncin hijira, da naɗa shugaba da abin da ke wuyansa, da mataimakansa kamar waziri da alƙali, da jihadi, da siyasar shari'a. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, suka tuba, suka farfasa kayan kiɗan fada, kwarangwal ɗin tambura aka mai da shi abin zuba wa dawaki abinci. Kāna ya koma wurin Shehu, bai kai Makka ba har ya bar duniya.

Na daɗe ina tunanin wannan komawa. Da na fara karanta labarinsa ina yaro, fitarsa ce ta fi burge ni, ina cewa wannan shi ne zuhudu. Da na tsufa sai na gane komawar ta fi wuya. Mai gudun duniya kansa kaɗai ya tserar, ya bar talaka a hannun wanda bai san hukunci ba. Allah ya tsare shi a Kano domin ya nuna masa maganin ɓacin mulki shi ne a karantar da masu mulki, a tsaya kusa da su gwargwadon da za su ji gaskiya, zuciya kuwa tana nesa da abin hannunsu.

Fasali na huɗu, cikin saɓaninsa da Shehu

Kada ka zaci bin shehi yana nufin rufe ido. Malam Abdullahi ya saɓa wa wansa kuma malaminsa cikin mas'aloli. Ya tsananta kan sunayen sarauta irin na sarakunan dā, da sa tufafin alfahari, da mai da shugabanci gado, Shehu kuwa ya sassauta a wasunsu domin sauƙaƙa wa jama'a. Mafi girmansu ita ce mas'alar Musulmin da ya taimaki kafirai wajen yaƙar Musulmi. Shehu ya bi fatawar Shehu Magili ya hukunta shi da kafirci. Malam Abdullahi cikin Liya'us Sulɗani ya tafi a kan cewa wannan saɓo ne babba, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci muddin bai halatta abin ba, bai kuma yi shi don son kafirci ba. Duk da haka babu wanda ya yanke wa wani gaisuwa. Shehu da kansa ya kwaɗaitar da mutane karanta littattafan ƙanensa saboda tsayuwarsa kan lafazin shari'a.

Ka duba, ya kai mai saurin kafirtawa. Wannan malami ya ji nauyin kafirta wanda ya ɗauki mashi ya tsaya cikin sahun abokan gaba. Kai kuwa ka kafirta wanda kuke sahu ɗaya da shi, don ya kai gaisuwa wata fada ko ya jefa ƙuri'a wani akwati. Ina hujjarka ranar da za a tambaye ka?

Fasali na biyar, cikin ƙofar Sakkwato da Kalambaina

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Bello. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232, daidai da 1817. Malam Abdullahi ya taso, shi ne babba a shekaru da ilmi, shi ne waziri tun Gudu, sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ya juya ya koma. Bai tara runduna ba, ko da yake yana da ita. Ransa ya ɓaci, domin shi ɗan Adam ne, aka yi shekaru akwai sanyi tsakaninsu.

Sa'an nan mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, abin ya yi masa nauyi. Bello ya taho da rundunarsa ya taimake shi, aka ci garin. Da suka haɗu a kan dawaki, Bello ya yi haramar sauka don girmama baffansa, sai baffan ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya bar wazirci ga Giɗaɗo ɗan Laima. Da wannan aka rufe ƙofar fitina, Sakkwato da Gwandu suka zauna gida ɗaya har Nasara suka zo a 1903.

Bayan haka ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin al'amuran mulki, ya koma ga karantarwa da wallafa. Daga cikin abin da ya bari akwai tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, da taƙaitaccensa Kifayatu Lu'afa'is Sudani, da Tazyinul Waraƙati inda ya ba da labarin jihadi, da Ida'un Nusuhi inda ya lissafa malamansa. Ya rasu a Gwandu a 1245, daidai da 1829, kabarinsa yana can ana ziyara. Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da albarkarsa.

Cikawa, cikin abin da nake roƙonku

Ya 'yan'uwana, sarauta rigar aro ce, kun ga an sa an tuɓe an sāke sawa cikin shekara biyar a garinku. Ku girmama wanda Allah ya ɗora, ku yi masa addu'a da nasiha a asirce, wanda kuma ya ga wani ra'ayi cikin sha'anin zaɓe ya bi abinsa. Amma halƙar zikiri ba ta da jam'iyya. Wanda ya shigo ya ajiye wannan a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Game da Maguzawa kuwa, sarakunan jama'a sun bar su cikin gonakinsu a kan amana, suna ba da jiziya, bisa mazhabar Imamu Malik, jininsu da dukiyarsu haramun ne. Jiziya ta wuce da zamaninta, yau doka ɗaya ke kanmu da su, amma haƙƙin maƙwabtaka da cika alkawari bai wuce ba. Daga cikinsu akwai waɗanda suka musulunta, akwai waɗanda suka zama Kirista, akwai masu riƙe da al'adar kakanninsu. Ba mu yarda da abin da suke bauta wa ba, ba ma halartar tsafinsu, muna kuma kiransu zuwa ga Allah da magana mai daɗi. Sai dai wane kira ne zai shiga kunnen mutumin da mai carbi ya cinye masa dawa? Wuridin da aka yi da cikin da ya ƙoshi da haram, ina tsoron bai wuce rufin ɗaki ba.

Saboda haka na ɗora wa mai bashin nan ya auna buhu uku ya kai har gida kafin ya sāke zama cikin halƙa, ya nemi gafarar mai dawa. Na ɗora wa 'yan'uwan nan biyu su yi musafaha gaban jama'a a daren Juma'a mai zuwa, wanda ya furta kalmar ya fara miƙa hannu. Muƙaddaman Rogo su karanta wannan takarda bayan zikiri, a kuma karanta wa mata a gida.

Ya Allah, ka fitar da son girma daga zukatanmu, ka tsare harsunanmu daga mutuncin Musulmi, ka tsare hannuwanmu daga dukiyar wanda ya amince mana, ka zaunar da ƙasar Ƙaraye da Rogo da Kano lafiya, ka cika mu da imani, don alfarmar Annabi da waliyyanka. Wanda ya ga kuskure ya gyara, ya sa marubucin cikin addu'a. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.