Rowland Bingham: Mutumin da ya koma ya bincika Nassi

Karatu: Matiyu 24:3-14, 29-36; 1 Tasalonikawa 4:13-18

'Yan'uwa cikin Ubangiji, da yawa daga cikinmu mun san sunan Bingham ta wurin jami'ar ECWA da ke Karu a Jihar Nasarawa. Kaɗan ne suka san cewa wannan bawan Allah ya taɓa shiga damuwa ƙwarai a kan annabcin ƙarshen zamani, har ya ajiye koyarwar da ya daɗe yana wa'azinta.

An haifi Rowland Victor Bingham a Ingila a shekarar 1872. Ya ba da ransa ga Yesu yana saurayi ta wurin ƙungiyar Salvation Army, daga baya ya ƙaura zuwa Kanada. A birnin Toronto ya haɗu da mahaifiyar wani saurayi mai suna Walter Gowans. Ita ce ta faɗa masa nauyin da Allah ya ɗora wa ɗanta domin ƙasashen da ke kudu da hamadar Sahara, waɗanda a lokacin Turawa ke kira Sudan. Ƙasar Hausa na cikinsu.

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas: Gowans, Thomas Kent da Bingham. Babu wata ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nufo Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, cikin Jiharmu ta Kaduna ta yau. Kent ya rasu a Bida a wannan shekarar. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a 1902 ne ma'aikatan da ya aiko suka kafa tashar farko a Patigi, a bakin kogin Kwara. Aikin nan shi ne ya zama mishan ɗin SIM, daga cikinsa kuma ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954.

A zamanin Bingham akwai wata fassarar annabci da ta bazu sosai, wadda John Nelson Darby ya koyar, Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 kuma ya kai ta gida gida. Koyarwar ita ce, Yesu zai fyauce ikkilisiya a asirce kafin babban tsanani, sa'an nan bayan shekara bakwai ya dawo a fili tare da tsarkakansa. Masu wannan ra'ayi suna dogara ga 1 Tasalonikawa 4, da makonni saba'in na Daniyel 9, da Wahayin Yahaya 3:10. Waɗansunsu sun ƙara da cewa yawancin Bisharar Matiyu, har da Huɗuba a Kan Dutse, domin Yahudawa ne da mulkin da ke zuwa, ba domin ikkilisiyar yanzu ba.

Bingham ya karɓi wannan koyarwa, ya kuma koyar da ita. Ana nan wata rana matarsa Helen ta tambaye shi a ina ne cikin Littafi Mai Tsarki ya samo fyaucewa ta asirce. Ya ba ta amsa, amma amsar ba ta gamsar da ita ba, shi kansa ma ba ta gamsar da shi ba. Bai tsawata mata ba, bai kuma fake da girman muƙaminsa ba. Ya koma ya zauna da Nassi yana bincike. A ƙarshe ya gamsu cewa Matiyu 24:29-31 na nuna tattara zaɓaɓɓu bayan tsananin ne, kuma Bisharar Matiyu ta ikkilisiya ce tun daga farkonta har ƙarshenta. Ya rubuta littafi a kan Matiyu ya bayyana sauyin da ya yi, ko da yake shi editan mujallar Kirista ne, masu karatunsa da masu tallafa wa mishan da yawa kuma suna riƙe da ra'ayin da ya bari.

Har yau masu bi na gaskiya ba su zama baki ɗaya a kan wannan batu ba. Da yawa a cikin ikkilisiyoyinmu na Fentikos sun gaskata fyaucewa za ta riga tsanani, kuma suna da ayoyinsu. Ba mu kawo tarihin Bingham domin mu yanke hukunci ba. Abin koyi shi ne halinsa. Ya yi irin na mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda suka auna ko wa'azin Bulus da Nassi. Ya kuma ci gaba da aiki tare da 'yan'uwan da ba su yarda da shi ba, gama dukansu sun amince cewa Yesu zai dawo, babu wanda ya san ranar, kuma dole bishara ta kai ga dukan al'ummai. Bai daina aika ma'aikata ba har ya huta a watan Disamba 1942.

A yau, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, saƙonni na yawo a wayoyinmu duk lokacin da yaƙi ya tashi a Gabas ta Tsakiya, wani ya sa rana, wani ya nuna magabcin Almasihu. Kafin ka tura wa wani, buɗe Littafinka ka karanta surar dukanta. Idan matarka ko ɗanka ko sabon tuba ya tambaye ka inda ka samo abin da kake koyarwa, kada ka ji haushi. Kuma kada gardamar lokaci ta raba ka da ɗan'uwanka, ko ta hana ka yi wa maƙwabcinka shaida yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciya mai tawali'u a gaban Maganarka. Bari Ruhu Mai Tsarki ya koya mana, ya kiyaye mu daga tsoro da ruɗu, domin Ubangijinmu ya same mu a bakin aiki ranar da zai zo. Cikin sunan Yesu. Amin.