TARIHIN TERRY FOX (1958–1981): MAI ƘAFA ƊAYA DA YA YI GUDUN KILOMITA 5,373

Idan ana maganar gudun yada-ƙanin-wani, wanda wasu ke kira gudun fanfalaki, sunayen da kan fara zo wa mutum a rai su ne na 'yan Habasha da 'yan Kenya, a nan gida kuma sai a tuna da 'yan tseren da tsaunukan Filato ke haifarwa, musamman na yankin Pankshin. Waɗannan duk don kambu da kyautar kuɗi suke gudu, kuma ba laifi ba ne. To amma wanda za mu kawo tarihinsa a wannan fitowa, a tseren da ya shiga gab da yin sunansa ma shi ne ya zo na ƙarshe. Ɗalibin jami'a ne kamarmu, ɗan ƙasar Kanada, wanda ya yi gudu da ƙafar roba don ya roƙi kowane ɗan ƙasarsa dala ɗaya tak, a zuba ta cikin binciken maganin ciwon daji.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Terrance Stanley Fox ranar 28 ga watan Yuli, 1958 a birnin Winnipeg. Mahaifinsa Rolland ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sunan mahaifiyarsa Betty. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya huɗu. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar, suka zauna a garin Port Coquitlam kusa da birnin Bankuba, inda ya yi sakandare.

Ƙwallon kwando ce abar da ya fi ƙauna, sai dai gajere ne, kuma bai ƙware ba. A shekararsa ta farko cikin ƙungiyar makaranta, minti ɗaya kacal aka bari ya buga a duk kakar wasan. Malaminsu ma shawara ya ba shi da ya koma wajen gudu. Ya bi shawarar don girmama malami, amma bai saki ƙwallon ba. Kafin ya gama sakandare sai ga shi an raba kyautar gwarzon ɗan wasan makaranta tsakaninsa da amininsa Doug Alward. Daga nan ya shiga Jami'ar Simon Fraser yana karanta ilimin motsa jiki, da burin zama malamin wasanni.

Ciwo

A watan Nuwamban 1976 ya yi haɗarin mota, ya fito lafiya in ban da ciwon gwiwar dama. Ya yi ta daurewa har watan Maris na 1977, lokacin da ciwon ya fi ƙarfinsa. Da aka kai shi asibiti sai likitoci suka gano sankarar ƙashi ce, irin wadda ta fi kama matasa a kusa da gwiwa. Shi dai ya ɗauka haɗarin ne ya jawo masa, amma likitocinsa sun ce babu dangantaka. Ranar 9 ga Maris aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, yana da shekara 18.

Bari mu ɗan ratse, tunda mu ɗaliban harshe ne. Wannan cuta sunaye uku gare ta a bakin Hausawa: daji, sankara, da kuma kansa da muka aro. Tare da sunan daji akwai wata tsohuwar magana da ke yawo har yanzu, wai daji ba ya son allura, wadda ta sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai abu ya lalace. Labarin Terry ya nuna akasin haka. Likitoci sun shaida masa cewa cikin mutum 100 masu irin ciwonsa, 50 na iya rayuwa, alhali shekara biyu kafin nan 15 ne kawai, kuma sababbin magungunan da bincike ya samar su ne suka kawo wannan bambanci. Wannan lissafi bai taɓa fita daga ransa ba.

Mako uku bayan aiki ya fara takawa da ƙafar roba. Sai kuma ya shafe wata 16 ana ɗura masa ruwan maganin nan mai zafi da ke zubar da gashi. A ɗakin jinya ya ga yara ƙanana suna shan wahala, wasu an ɗauke gawarsu a gabansa. Ya kuma lura cewa kuɗin da ake ware wa binciken cutar bai taka kara ya karya ba. Dama a daren da za a yi masa aiki, wani kocinsa ya kawo masa mujalla mai ɗauke da labarin Dick Traum, mai ƙafa ɗaya da ya kammala gudun fanfalaki na birnin New York a 1976. Waɗannan abubuwa biyu su suka haɗu suka haifar da niyyarsa.

Shiri

Da farko ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta masu keken guragu bisa gayyatar Rick Hansen, har suka ci kofin ƙasa sau uku. A ɓoye kuma yana koyon gudu. Ƙafar robar wancan zamani don tafiya aka yi ta, ba don gudu ba. Tana ɗaukar lokaci kafin ta miƙe bayan kowane taku. Saboda haka sai ya yi tsalle biyu a kan lafiyayyar ƙafa kafin ya jefa ta roba sau ɗaya. Dungun ƙafar kan yi bororo ya fashe ya yi jini. A cikin wata 14 ya yi atisayen sama da kilomita 5,000. A ƙarshen daminar 1979 ya shiga tseren kilomita 27 a garin Prince George, ya iso minti goma bayan wanda ke gabansa, 'yan kallo na tafi suna hawaye.

Bayan wannan tsere ne ya fasa wa mahaifiyarsa ƙwai: zai ratsa Kanada a guje daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 8,000. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma wace uwa ce ba za ta ji haka ba? Kanada fa ta ninka Nijeriya sau goma a faɗin ƙasa. A watan Oktoba ya rubuta wa Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Kanada wasiƙar neman goyon baya. Suka ce sai ya kawo shaidar likitan zuciya. Likitan ya gano ɓangaren hagu na zuciyarsa ya yi kauri, ya gargaɗe shi, amma bai hana shi ba. Kamfanin Ford ya ba da mota mai wurin kwana, Imperial Oil ya ɗauki nauyin mai, Adidas ya ba da takalma. Duk kamfanin da ya nemi Terry ya tallata masa haja kuwa, sai ya ce a kai kasuwa.

Gudun Fata

Ranar 12 ga Afrilu, 1980, a garin St. John's da ke ƙuryar gabashin ƙasar, ya tsoma ƙafar robarsa cikin Tekun Atilantika, ya ɗebi ruwan a kwalba da nufin juye shi a Tekun Fasifik, ya kama hanya. Sunan da ya raɗa wa tafiyar, in an mayar da shi Hausa, shi ne Gudun Fata. Doug Alward ne direba, shi ne kuma kuku.

Abin da ya ɗora wa kansa shi ne kilomita 42 a kullum. Mai karatu, ka ƙaddara ka tashi daga Jos a guje ka je Bukuru, ka dawo, ka sake komawa, gobe ma haka, jibi ma haka. A kwana uku ka isa Bauchi. Tun kafin asuba yake tashi, ya fara gudu cikin duhu. Mu da muke kuka da hunturun Jos, can iska ce mai kayar da mutum, da ruwan sama, da ƙanƙara mai zuba kamar gari.

Farkon tafiyar babu armashi. Sau da yawa ya shiga gari babu wanda ya san da zuwansa. Gajiya da ɓacin rai suka sa shi da Doug suka riƙa faɗa har suka daina magana, sai da aka turo ƙanensa Darrell ya shiga tsakani. Terry mutum ne mai zafin rai da taurin kai, ba waliyyi ba, kuma ina ganin mai sanyin hali da tuni ya koma gida. Abin da ya fara ƙarfafa masa gwiwa shi ne garin Port aux Basques, inda mutane kimanin 10,000 suka tara masa fiye da dala 10,000. Da ma dala miliyan ɗaya ya yi niyyar tarawa, amma daga bisani ya mayar da burinsa dala ɗaya daga kowane ɗan ƙasa, su kuwa a lokacin miliyan 24 ne.

A lardin Kwibek ne ya fi shan wuya, kuma dalilin ya shafi fanninmu. Mutanen wurin Faransanci suke yi, ayarin Terry kuwa babu mai jin sa. Ba su iya bayyana wa jama'a abin da ya fito da su ba, wani lokaci ko wurin wanka ba su iya tambaya. Direbobi suka riƙa matse shi zuwa gefen titi. Ciwo ɗaya ne ke kashe mai Turanci da mai Faransanci, amma rashin tafinta ya hana saƙon shiga. Da ya isa birnin Montiriyal a ƙarshen watan Yuni, ya ci kashi ɗaya bisa uku na hanya, abin da aka tara bai wuce dala 200,000 da 'yan kai ba.

A nan ne Isadore Sharp, mai otal-otal ɗin Four Seasons, wanda ɗansa ya mutu da ciwon daji a 1978, ya shigo cikin lamarin. Ya yi alkawarin dala biyu a kan kowane mil, ya kuma jawo kamfanoni kusan 1,000 suka yi haka. Da Terry ya tsallaka lardin Ontariyo sai labari ya sha bamban: 'yan badujala da dubban mutane suka tare shi, 'yan sanda suka yi masa rakiya. A Otawa ya gana da Firayim Minista Pierre Trudeau. Ranar 11 ga Yuli mutum 10,000 suka taru a dandalin birnin Toronto don ganinsa. Sai dai suna ma kaya ne. Bayan gudun yini guda, da dare a ja shi wajen taro ya yi jawabi, wani lokaci a karkatar da hanyarsa zuwa wani gari, shi kuwa ba ya ƙi muddin za a samu abin sakawa a asusu. Ranar da ya cika shekara 22 ma a kan titi ta same shi.

A nan ya kamata mu dubi kanmu. A wajenmu in za a kafa gidauniya sai a gayyato babban mai ƙaddamarwa, ya ambaci miliyoyi a lasifika, a yi tafi, rabin alkawarin kuma a neme shi a rasa. Matashi mai ƙafa ɗaya kuwa, abin da akasarin mutane ke tsammani daga gare shi shi ne ya samu gefen hanya a Taminus ya ajiye ƙoƙo. Terry ma roƙo ya yi, amma ba wa cikinsa ba, kuma abin da ya roƙa bai fi ƙarfin kowa ba. Mu ma ba mu rasa irinsu ba. A nan Jos, Ayuba Gufwan, wanda shan-inna ta nakasa tun yana yaro, ya kafa cibiyar Beautiful Gate da ta daɗe tana ƙera kekunan guragu tana rabawa kyauta.

Inda Gudu Ya Tsaya

Ranar 1 ga Satumba, 1980, daf da garin Thunder Bay, tari mai tsanani da ciwon ƙirji suka turnuƙe shi. Ganin jama'a sun jeru suna yi masa kirari, sai ya ƙara 'yan kilomitoci, sannan ya shiga mota ya nemi a kai shi asibiti. Ciwon ya dawo, ya kama huhunsa. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, wato fiye da nisan Legas zuwa Maiduguri sau uku. In aka raba, har da 'yan kwanakin da bai yi gudu ba, ya kama kilomita 37 da rabi a kowace rana. Mutane da dama sun nemi su ƙarasa masa, ya ƙi, domin yana sa ran zai warke ya ƙarasa da kansa.

A ranar da ya tsaya, dala miliyan 1.7 aka tara. Mako guda bayan haka gidan talabijin na CTV ya buɗe gidauniya ta awa biyar, aka samu dala miliyan 10.5. A watan nan aka ba shi lambar girmamawa mafi daraja ta tsarin Order of Canada, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa samun ta. Zuwa watan Fabrairun 1981 kuɗin ya haura dala miliyan 24. Dala ɗayan nan ta kowane ɗan ƙasa ta cika yana raye.

Magunguna ba su yi nasara a kansa ba. Ya mutu da asubahin ranar 28 ga Yuni, 1981 a wani asibiti da ke New Westminster, saura wata ɗaya ya cika shekara 23. Gwamnati ta sa aka sassauto da tutoci a duk faɗin ƙasar, aka kuma nuna jana'izarsa a talabijin.

Tun yana kwance Isadore Sharp ya nemi izininsa a riƙa yin gudu da sunansa duk shekara. Terry ya yarda, bisa sharaɗin ba gasa ba ce: babu na ɗaya babu na ƙarshe, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka, mai keke ya tuƙa. An yi na farko ranar 13 ga Satumba, 1981, mutum fiye da 300,000 suka fito, aka tara dala miliyan 3.5. Daga baya abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma zuwa 2022 an tara sama da dalar Kanada miliyan 850 da sunansa. Abokinsa Rick Hansen, wanda haɗari ya taɓa masa laka, ya bi sawunsa tsakanin 1985 da 1987, ya zagaya ƙasashe 34 a kan keken guragu don tara kuɗin binciken ciwon laka. A yau, inda akwai asibiti mai kayan aiki, kimanin kashi 70 cikin 100 na masu irin sankarar Terry suna rayuwa idan an gano ta kafin ta bazu, kuma yawancinsu ba a yanke musu ƙafa. A 2005 Kanada ta buga hotonsa a kan kwandalar dala ɗaya, sannan a watan Disambar 2024 ta sanar cewa shi za a sa a kan sabuwar takardar dala biyar.