Kathleen Lonsdale: Matar da bincikenta ya share fagen allon wayar zamani

Allon wayoyi da dama a yau, irin wanda ake kira OLED, yana ba da haske ne ta hanyar wasu sinadarai da aka gina da kabon. Siffar ƙwayoyinsu ce ke sa su iya ɗaukar lantarki, kuma wata mata ce ta fara tabbatar da wannan siffa.

An haifi Kathleen a ranar 28 ga Janairun 1903 a Newbridge da ke Ayalan. Ita ce auta cikin 'ya'ya goma. Ta taso a Ingila cikin talauci, kuma sai da ta riƙa zuwa makarantar maza kafin ta samu darasin lissafi da kimiyya.

Bayan ta kammala digiri a 1922, Farfesa William Bragg ya ɗauke ta cikin masu bincikensa, inda ake haska sinadarai da hoton Eksire domin gano yadda ƙwayoyin zarrarsu suka jeru.

A lokacin an san cewa sinadarin benzin zobe ne mai ƙwayoyin kabon shida. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko zoben a shimfiɗe yake ko a lanƙwashe. Bragg na ganin a lanƙwashe yake.

A 1929, tana aiki a Jami'ar Leeds, ta nuna cewa a shimfiɗe yake. Da hannu ta yi lissafin, kuma sakamakon ya saɓa wa ra'ayin malaminta.

Muhimmancin hakan ya ƙara fitowa daga baya. Idan zobba shimfiɗaɗɗu suka haɗu, lantarki na yaɗuwa a cikinsu, kuma suna iya jeruwa kamar faifai a kan faifai, har ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Idan ƙwayar ta murɗe, tafiyarsa kan yi wahala.

A 1943 ta shafe wata guda a gidan yarin Holloway, saboda ta ƙi yin rajistar aikin tsaron farar hula lokacin yaƙi, bisa aƙidarta ta ƙin yaƙi.

A 1945 ta zama ɗaya daga cikin mata biyu na farko da aka zaɓa cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society.

Ta rasu a Landan ranar 1 ga Afrilun 1971, tana da shekara 68.